Kan Tarwaɗa a Kwanon Mainasara

Mainasara mijin ƙanwata ne, don haka ba wanda zai ce ƙage nake yi masa. Shekara ashirin da biyu ya yi yana gadin ƙofar ruwan da ke shayar da fadamar garinmu, nan tsakanin Wurno da Goronyo. Aikin nasa duka shi ne ya murɗa ƙarfe da safe ruwa ya wuce, ya murɗa da yamma ruwa ya tsaya. Amma da yake an ba shi kaki da hula, sai ya raɗa wa kansa Sifeto. Da ya yi ritaya aka karɓi makulli, aka manta da kakin, mu kuwa muka shiga uku.

In ka zauna da shi minti biyar sai ya ba ka labarin yadda ya kama ɓarayin injin ban-ruwa su bakwai, shi kaɗai, da bin sawu kawai. Mu da muka san zancen mun san injin ɗaya ne, kuma mai shi ne ya ara wa surukinsa ya manta.

Da ya bar aiki sai ya ce zai koya wa manoman garin noman albasa. Ya kwashe geron da ke rumbunsa ya sayar, ya sayi iri da taki. Albasa ta yi kyau, wannan kam ba zan hana shi ba. Sai dai kowa a nan rudu yake yi wa albasarsa, wato bukkar kara a ɗage daga ƙasa inda iska ke ratsawa. Mainasara ya ce rudu aikin mutanen da ne. Ya ɗura tasa a buhunan leda, ya jibge a ɗakin siminti mai rufin kwano, ya toshe tagogi wai kada iska ta rage mata nauyi. Cikin zafin bazara aka yi wannan. Mako uku ba su cika ba, wanda ke wucewa ta bayan gidan sai ya toshe hanci.

Daga nan gidan ya bushe. Uwaliya ƙanwata ta gaya masa hatsi ya ƙare, ya ce ta duba ƙasan rumbu da kyau, gidan Sifeto ba ya rasa hatsi. Ta ce ya hau ya duba da kansa, ya ce leƙen rumbu ba aikin babban ma'aikaci ba ne.

To a unguwarmu ciyayya muke yi. Bayan sallar magariba mu shida muke haɗuwa a ƙofar gidan Alhaji Sodangi, dattijon unguwa, kowane magidanci da kwanon tuwo da na miya daga gidansa, a jera a tsakiya a ci tare. Wanda ba shi da kwano ba ya zuwa. In kuwa mutum ya yi fashin kwana biyu, gari duka ya san ba a hura wuta a gidansa, kuma matar gidan ce za a fara nunawa da baki a wurin biki da suna. Abin da Uwaliya ke tsoro ke nan, ta fi tsoronsa da yunwar kanta.

Katanga ɗaya ce tsakaninta da Azumi, matar Maccido masunci. Azumi tuwon shinkafa da miyar kifi take sayarwa a tasha, kuma direbobi tun daga Rabah suke riƙe yunwarsu sai sun iso gabanta. Sirrin miyar gabu ne, ganyen albasa da take dakawa ta dunƙula ta shanya, ta soya da hannunta yadda ba wadda ta iya. Akwai wani wuri da damina ta zaftare kan katangar. Kullum da la'asar Uwaliya ta ɗora wankakkun kwanoni a nan, Azumi ta ɗauke, jim kaɗan ta mayar da su cike, Uwaliya ta juye a kwanonin mijinta. Ni na kai wa Azumi buhun shinkafa a ɓoye don nauyin ya ragu. Uwaliya kuma ta riƙa hura wuta tana tafasa ruwa zalla, don masu wucewa su ga hayaƙi na tashi daga gidanta.

Wata bakwai ana haka. Duk wanda ke zaman ciyayyar ya sani, ban da mai cin tuwon. Mainasara ya yi ƙiba har maɓallin kaki ya fara kuka. Ba ya sa hannu a kwanon kowa sai nasa, wai bakinsa ya saba da mai kyau. Ya ce tattalin da ya koya wa Uwaliya ne ya sa gidansa ba ya rabuwa da kifi, kuma miyar ma shi ya nuna mata. Har ya taɓa ba Maccido shawara ya turo Azumi ta koyi girki. Muka haɗiye wannan tare da tuwo, saboda Uwaliya.

Ranar wata Talata ce abin ya ɓaci. Yana cikin ba da labarin ɓarayin inji, waɗanda a ranar suka zama tara, sai hannunsa ya kauce ya tsoma loma a kwanon Maccido. Ya kai baki. Ya daina tauna. Ya sake tsomawa a nasa, ya ɗanɗana, ya koma na Maccido.

"Maccido, miyag ga daga ina tah hito?"

"Daga gidana, Sifeto."

Ya zura yatsu a kwanonsa ya ciro kan tarwaɗa, ya zura a na Maccido ya ciro gangar jiki da wutsiya, ya haɗa su a kan murfi. Suka zauna daram, yankan wuƙa ɗaya.

"Kihi guda na," in ji shi. "Kai ga kwanona, wutsiya ga naka. Ni kau ban raba kihi da kowa ba."

Alhaji Sodangi ya ce tarwaɗar dam duk kamarsu ɗaya, a ci tuwo kada ya huce. Ni na ce wataƙila a kasuwa aka raba kifin aka sayar gida biyu. Ya dube ni a wulaƙance ya ce shi tunda yake bai taɓa sayen rabin kifi ba. Gaskiya ya faɗa, wata bakwai ko ƙayar kifi bai saya ba.

Ya miƙe tsaye ya gyara hula. Ya ce ba ya zargin kowa tukuna, amma akwai mai ɗibar miya daga tukunyar matarsa, kuma ya ba kansa mako guda. In Talata ta zagayo bai kama ɓarawon ba, zai tuɓe kakin nan a gabanmu, ba zai ƙara sa shi ba har abada. Ya naɗe kan kifin da wutsiyar a hankici ya cusa a aljihu, wai shaida. Ina jin Maccido yana salati ƙasa-ƙasa.

Ran Laraba ya barbaɗe tsakar gida da toka tun daga zaure har ƙofar madafa, ya hana Uwaliya shara. Da azahar ya dawo ya tsuguna yana nazari. Ya samu sawun kaza, da na ƙadangare, da wani babban sawun takalmi mai cinyayyen dunduniya. Ya yanki kara daidai tsawonsa, ya ce ɓarawo ya gama yawo.

Ran Alhamis ya bari sai da aka tayar da sallar azahar, sannan ya tsuguna a ƙofar masallaci yana auna takalman mutane ɗaya bayan ɗaya. A lokacin shaidar da ke aljihunsa ta kwana biyu cikin zafi. Kyanwoyi uku na zaune a bayansa suna jiran rabonsu, ƙudaje kuma sun yi masa rawani. Wani direba baƙo daga Rabah ya sallame ya fito, ya tarar da mutum riƙe da takalminsa yana shinshina dunduniya. Bai tambayi komai ba ya shaƙe wuyan kakin. Kafin ladan ya fito ya ce namu ne, Sifeto ya sha mari biyu masu kyau.

Liman ya tambaye shi abin da yake nema, ya nuna kara. Aka ce to ya ƙarasa awon kowa ya huta. Ya auna takalma sun fi arba'in, ba wanda ya dace. Direban nan, don mugunta, ya ce saura na ƙafarsa. Aka ɗora kara, ya zauna cif, har cinyayyen dunduniyar. Mutane suka fashe da dariya. Mainasara ko a jikinsa. Ya ce wannan ya nuna ɓarawon ƙwararre ne, har takalmin mai gida yake ara don ya ɓatar da sawu. Liman ya roƙe shi don Allah ya riƙa barin abin da ke aljihunsa a gida in zai zo salla.

Da yamma na ja shi gefe na ce ya bar zancen nan, miya ce kawai, kuma ga shi kullum yana ƙoshi. Ya ce da ma ya lura tun ran Talata nake kare ɓarawo, kada in sa ya faɗaɗa bincike ya haɗa da dangin matarsa. Na dubi tumbin da shinkafata ta gina, na kama hanyar gida.

Ran Asabar ya gaya wa Uwaliya zai tafi Wurno, ba zai dawo ba sai magariba. Ya fita ta ƙofa, ya zagayo ta baya, ya jingina tsani a rumbu, ya ɗaga murfin ciyawa. Dabararsa ita ce ya kwanta a kan gero ya yi gadin madafa ta wata kafar ɓera. Bai leƙa ba, tunda leƙe ba aikinsa ba ne. Ya dira da ƙafa biyu yana jiran gero ya tare shi. Ƙasan rumbu ne ya tare shi.

Duk da haka ya lallaɓa ya manna ido a kafar. Ba abin da ake gani ta nan sai kan katanga, daidai wurin da ya zaftare. La'asar na yi ya ga kwanoni biyu a kai, ya ga hannun mace mai baƙin lalle da warwaro ja ya zo daga ɗaya gefen ya ɗauke su. Murna ta sa ya ja numfashi da ƙarfi, ƙurar ƙaiƙayi ta cika masa hanci da ido. Lokacin da hannun ya dawo da kwanonin cike, Sifeto na can yana atishawa yana murzar ido.

Sai da ya zo fita ya tuna tsani a waje yake. Ya yi ta tsalle yana zamewa. Rana ta dafa rumbun, ya fara kiran Uwaliya a hankali, daga baya ya koma kiran duk wanda ke da rai. Muka taru. Igiyar guga aka zura masa, kuma Maccido ne ya hau ya jawo shi, don ya fi mu ƙarfi. Ya fito fari fat da ƙura, kashin ɓera a gemu, hula ta tsaya can ciki. Na ce a raina to yau dai ya ga rumbunsa da idonsa, magana ta ƙare.

"Jama'a, ashe ba miya ɗai ba ta," ya faɗa yana haki. "Har hatsin sunka kwashe, ko tsaba ba su bari ba. Amma na ga hannun."

Bai ko yi wa Maccido godiya ba.

Washegari da hantsi, lokacin da tasha ta cika, ya je ya tsaya a gaban rumfar Azumi. Ya ɗaga murya ya ce duk mai cin tuwo a nan ya sani miyar sata yake ci. Ya nuna lallen hannunta da jan warwaronta, ya zazzage ruɓaɓɓen kan kifi a kan bencinta. Ya ce daga tukunyar matarsa ake ɗiba a tsallaka da ita katanga, kuma da geron rumbunsa aka kafa wannan sana'a.

Ba wanda ya yarda da shi har zuci, amma direba ba ya barin labari ya kwana a wuri ɗaya. Kafin azahar zancen ya kai Goronyo ya dawo da ƙari. Wasu suka fara cewa a zuba musu ta sata ta ɗari biyu, suna dariya. Wasu suka ajiye kwano suka koma wurin mai shayi. Shugaban tasha ya zo ya ce wa Azumi ta ɗan dakata da fitowa har a warware maganar, ba ya son rigima a wurinsa. Shekara goma sha ɗaya tana wannan rumfa, ranar ce farkon da ta koma gida da rabin tukunya.

Ko kalma ɗaya ba ta mayar masa ba, don ta yi wa Uwaliya alkawari tun ranar farko. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, la'asar na yi ta ɗora kwanoni biyu a kan katanga kamar kullum. Mainasara ya zo da su ciyayya, ya share tas, ya ce mu lura yau miyar ta fi kauri tunda ɓarawo ya tsorata.

Ran Litinin da safe Maccido ya same ni a gona.

"Malam Halliru, ko ku gaya mai, ko ni in gaya mai da gora. Matata ba ta yi kwana ba jiya."

Na bar fartanya na tafi wurin Uwaliya. Na same ta zaune gaban tukunyar ruwanta, idanu sun kumbura. Ta riga ta ji komai. Na ce mata abin ya wuce rufin asiri, an taɓa abincin wata da sunanta.

"Yaya, in anka hwaɗi, da wane ido za ni shiga cikin mata?"

"Azumi hwa, da wane ido za ta koma tasha?"

Uwaliya ta janye itace daga wutar. Sannan ta ce kada in ce masa komai, kada Maccido ya taɓa shi, ita ta ɗaura abin ita za ta kwance. Ta tambaye ni ko gaskiya ne ya ce gobe zai tara mutane. Na ce haka yake ta shela. Ta ce to ya tara su da yawa.

Talata tun da sassafe Mainasara ya kwaɓa laka. Ya toshe wurin da katanga ta zaftare, ya ƙara mata kamu biyu, ya kafa ƙaya a kai. Ya kulle ƙofar gida, ya sa kujera a bakin madafa ya zauna da sanda a cinya. Ya ce wa Uwaliya ta yi girkinta yadda ta saba, yau ko ƙuda ba zai fita da ɗigon miya ba. Ita kuwa ta ce to. Ya ga hayaƙi ya tashi, ya ji tukunya na tafasa, ya yi ta gyaɗa kai. Ciki dai bai leƙa ba, kun san dalili. Da ta miƙo kwanonin a rufe, ya ɗaure su da rawani ya yi ƙulli uku, ya rungumo su a ƙirji har ƙofar gidan Alhaji Sodangi.

Ban taɓa ganin ciyayya irin ta ranar ba. Ga liman, ga shugaban tasha, ga direbobi har da na Rabah mai mari, ga 'yan kallo tsaitsaye. Matan unguwa kuma sun cika zauren Alhaji, ana jin motsinsu ta bayan asabari.

Mainasara ya yi jawabi mai tsawo. Ya fara daga ɓarayin inji, waɗanda suka kai goma sha biyu, ya bi ta toka da kara da rumbu. Ya ce hujjarsa mai sauƙi ce. Yau an toshe hanyar sata, saboda haka kwanon Maccido zai fito salam, nasa kuma zai fito da miyar gaske wadda ba a taɓa ba. Ya umarci Maccido ya buɗe.

Maccido ya ɗaga murfi. Ƙamshin gabu ya bugi kowa, har wani direba ya haɗiyi yawu da ƙara. Sifeto ya ce ragowar satar jiya ce aka ɗumama.

Ya durƙusa gaban nasa ya kwance ƙulli ɗaya, ya dubi jama'a, ya kwance na biyu, ya sake dubansu. Da ya kwance na uku ya ce liman ya matso ya zama shaida, ya cire murfin kwanon miya.

Ruwan zafi ne, fari, da albasa uku baƙaƙe suna yawo a ciki. Warin ɗakin siminti ya taso, liman ya ja da baya. Mainasara ya yi maza ya buɗe na tuwo. Ƙaiƙayi ne da ƙurar ƙasan rumbu, an tara an shafe samansa da kyau kamar malmala.

Ya ce an yi musanya a hanya. Direban Rabah ya tuna masa a ƙirjinsa ya rungumo su. Ya ce to sihiri ne, a kira Azumi ta rantse. A nan ne muryar Uwaliya ta fito daga bayan asabari. Ba ta ɗaga ta ba, amma ba wanda bai ji ba.

"Malam, ba a musanya komi ba. Abin da ke gidanka ke nan, shi nid dahwa maka. Wata bakwai tuwon da kaka ci, shinkahwar Yaya Halliru ta, kihin Maccido na, hannun Azumi na. Ta bisa katangar da kat toshe yau suka shigowa. Geron kau kai kas sai da shi da kanka. Ni nir roƙe su su ruhe min asiri, sunka ruhe. Azumi, ki yahe min, na bari anka zage ki don kunyata."

Muka ji Azumi tana cewa ba komai, muka ji kukan mata biyu. Ni kaina sai da na sunkuyar da kai, don tausayin ƙanwata ya kama ni, kuma ban taɓa jin girmanta kamar ranar ba. Abin da ta yi wata bakwai tana ɓoyewa ta ɗauko da hannunta ta ajiye a gaban gari.

Kowa ya zuba wa Mainasara ido. Ya dubi albasa, ya dubi ƙaiƙayi, ya yi gyaran murya.

"To ai abin da nika shirin hwaɗi ke nan. Bincikena ya tabbatar kwano na ƙetare katanga. Inda yan nuhwa ɗai ar rage in tantance."

Dariyar da aka yi har karnukan bakin tasha sai da suka amsa. Direban Rabah ya kwanta a tabarma yana dukan ƙasa. Alhaji Sodangi kaɗai bai yi ba. Ya bari aka lafa, sannan ya miƙa hannu.

"Yau Talata, Mainasara. Kawo kakin."

Ya fara cewa ai a ƙa'idar aiki mako kwana takwas ne, Alhaji bai janye hannu ba. Mainasara ya ɓalle maɓallai ɗaya bayan ɗaya, ya zauna daga shi sai yagaggiyar singileti, tumbi a waje. Shugaban tasha ya ce wa Maccido ya gaya wa Azumi gobe ta fito da wuri, shi zai fara saye, kuma duk direban da ya ƙara ambatar sata ya nemi wata tasha.

Aka yi bisimilla aka fara ci. Mainasara ya zauna gaban ruwan albasarsa, ya harɗe hannu, ya ce shi a ƙoshe yake. Cikinsa ya ƙaryata shi da ƙarfi. Maccido ya tura masa kwanonsa da bayan hannu. Mainasara ya sa hannu, kuma kan kifin ya fara ɗauka.

Da safe ina wucewa na ji sara. Na leƙa, ga Mainasara da fartanya yana ƙoƙarin rushe lakar da ya ɗora jiya. Sai muryar Azumi daga ɗaya gefen.

"Malam Mainasara, bar katanga, ta ginu. Yaya Uwaliya ta gama da ita. Daga yau tare za mu dakan gabu mu hita tasha, abincinta guminta na. Kai kau in kana son na ciyayya, ɗauko kwanonka ka iske mu can, ka bi layi."

Haka ake yi har yau. Uwaliya na rumfar tasha tana kwasar tuwo, tana gaisawa da kowa kai a ɗage, kuma a wurin biki ba wadda ta nuna ta da baki. Kullum da la'asar za ka ga Mainasara a bayan direbobi da kwanoni biyu a hannu. In ya ga baƙo sai ya matsa ya raɗa masa cewa shi ba saye ya zo ba, ingancin abincin yake dubawa. Baƙon yakan gyaɗa kai, har sai layi ya zo kansu, Azumi ta jawo wani tsumma mai maɓallan ƙarfe da aljihu biyu, ta kama kunnen tukunya da shi ta sauke, ta ce, "Sifeto, miƙo kwanonka."